A Daji Kawai Hinda Take Ɗiyata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa. Wannan takarda ta fito daga hannun Furera, ɗiyar marigayi Malam Sha'ibu, mai zaman aure a Guci, zuwa ga yayarta Kaltume da ke Zariya, a gidan Malam Alhassan farken kanwa. Na rubuta ta kwana goma sha biyu ga watan Jimada Lawwal, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha huɗu daga Hijira.

Yaya, gaisuwa mai yawa, da girmamawa, da begen ganin fuskarki. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da duk mai cin tuwon gidanku. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raba ki da ciwon gwiwar nan da sanyi ke tayar miki, ya sa ki gama da duniya lafiya. Mu nan alhamdulillahi. Damina ta yi kyau, in ban da tsuntsu da ya taɓa mana gefen gona. Gero ya shiga rumbu, wake ana nan ana ɗiba. Surukata Inna Hajja tana nan da ƙarfinta, haƙoranta biyu dai sun fita a watan jiya, ta ce su tafi abinsu, dama fura take sha. Aisa ƙanwar maigida ta sauka lafiya, namiji. Ruwa ya zaftare gefen kabarin Baba, maza sun je sun gyara sun sa ƙaya. Kawu Sale ne zai kawo miki wannan, gobe da sassafe zai bi ayarin kanwa. Shi kuwa ko alif bai sani ba, don haka hankalina kwance yake da shi.

Takardar daga gafakar Baba na zaro ta. Allah ya jiƙan tsohon nan da ya zaunar da mu ya koya mana riƙon alƙalami, mutane na ta cewa me mace za ta yi da rubutu. To ga abin da za ta yi da shi yau. Ki shiga ɗaki ki karanta ke kaɗai, kada ki ba kowa ya taya ki, ko da rubutuna ya karkace. Abin da ke ciki ban taɓa faɗa wa mahaluƙi ba, kuma da a gabanki nake zaune, ko yanka ni za a yi ba zai fito ba.

Maganar yarinyar nan ce. Bari in rubuta sunanta tunda ba mai ganina: Hinda. Kin tuna kaka biyu da suka wuce, da na zo gida haihuwar fari, kika yi tafiyar kwana ashirin da ɗoriya kika zo kika yi mini wankan jego. Wa zai yi mini in ba ke ba? Innarmu ta rasu ina rarrafe, a bayanki na girma. Ran suna Baba ya faɗa a gaban dangi cewa in an yaye ta taki ce, tunda Allah bai bar miki ko ɗaya ba cikin ukun da kika haifa. Kowa ya ce madalla. Ni kuwa na juya fuskata bango, yadda kika koya mini mace mai kunya ke yi in ana zancen ɗanta na fari. Ba zan yi miki ƙarya ba, ran nan ban ji komai ba. Wani ɗan jan abu ne mai ƙara da ya ba ni wuya kwana biyu, har ina cewa a raina ki tafi da shi yanzu ma. Da na koma ɗakina na riƙe kunyar nan yadda ya kamata. Ban kiran sunanta, ban yi mata wasa, ban ɗaukarta in da ido, sai in an miƙo mini ita don nono, shi ma in juya baya. Maigida kuwa in ya shigo ya tarar da ita a tsakar gida, kewaye ta yake yi kamar tulu ne aka ajiye a hanya. Har Inna Hajja tana yabona wurin baƙi.

Gonar daji ce ta rikita ni. Kin san gonakin bakin gari sun gaji, shi ya sa maigida ya sari sabon wuri can wajen tafkin da ke kan hanyar Dogo-Dogo, tafiyar safe zuwa la'asar da jaki. Ba a zuwa a dawo, sai dai a tare can, kuma dole a bi shi da mai dafa masa. Da ruwan shuka ya sauka bara, muka ɗora wa jaki mangala, tukunya ɗaya, ƙaramin turmi, tulu, tabarmi biyu, gero da kuka da daddawa da ɗan gishiri, akuya na binmu a igiya, yarinya a bayana tana da wata bakwai. Ya kafa bukka da itacen sabara ya rufe da zana, ya kewaye da ƙaya saboda kura. Ko dutsen murhu babu a wannan rairayi, da guntayen suri uku na girka tukunya. Bukkar da ta fi kusa da mu, sai iska ta juyo kake jin dakansu. Kwana uku muna ta kunyar juna ni da shi, yarinya na kwance a tabarma kamar ta maƙwabta. Ran na huɗu ina tuƙa tuwo ta tsanyare da kuka, hannu ɗaya a muciya ɗaya a tukunya, na ce wani ya ɗauki abin nan mana. Ya waiga gabas, ya waiga yamma, ba wani sai shi da jaki. Ya ɗauke ta a ɗarare, ta kai hannu ta damƙi gemunsa, ta yi tsit. Na kwashe tuwo, tuwo ya huce, mutumin nan bai ajiye ta ba.

A wannan daminar na fara kiran sunanta. Da fari a hankali, sai na duba hagu da dama tukuna, kamar mai satar nama a tukunya. Kafin gero ya yi kai, tun daga bakin tafki nake ƙwala mata kira da tulu a kaina, tana bayan ubanta tana wuntsila ƙafa. I, Yaya, goya ta yake yi, da majanyina, yana noma. Da wani ɗan Guci ya gan shi, da ya bar garin.

Da rani muka sake fita, saran kaba a fadamar da ke bayan Sassumbrum. Kwana tara muka yi a gindin goriba, ko bukka babu, zana biyu aka jingina. A can ta fara tafiya. Taku huɗu ta yi, daga gwiwata zuwa tulin kaba, ta faɗi zaune ta dube mu ta ga ko za mu yi faɗa. Maigida ya yi ta dariya har ya yanki yatsansa. Da muka koma gida da kwana biyar ta sake takawa a gaban kakarta, gida ya ɗauki guɗa wai yau ta fara tafiya. Mu biyu muka yi kamar ba mu gani ba, shi ya fita, ni na ci gaba da tankaɗe.

Bana kuwa da muka koma gonar, ba goyo na kai ba, mutum na kai mai ra'ayin kansa. Tun kafin fakara ta yi kuka yarinyar ta tashi, ta hau cikina ta buɗe mini ido da yatsa. Kalmar da ta fi iyawa ita ce a'a, sai nawa. Ludayi nata, akuya tata, hular ubanta tata, har wata in ya fito da magariba nata ne. Ya sassaƙa mata 'yar hauya da reshen geza, ta bi shi kunya kunya tana taya shi noma, wato tana tuge waken da ya tsiro tana barin ciyawa. In ƙarangiya ta kama ta ba ta kuka, ɗaga ƙafar take yi ta tsaya cik, ta jira bayinta su zo su cire. Furar da na dama mata, rabi akuya ke sha, su biyu kai cikin ƙwarya ɗaya. Ta jefa mini ludayi a tafki sau biyu. Ta taɓa zuwa mini da bushiya a cikin riga, wai ɗanta ne, a ba shi nono. Zabin daji kuwa ta rantse sai ta kama ɗaya, kullum da hantsi ana wannan tsere, kullum su ke ci. Wata la'asar hadari ya taso da iska ya yaye rabin bukkar, muka dunƙule mu uku a ƙarƙashin buzun sallarsa, ruwa na bin bayanmu, ni ina salati, ita kuwa duk tsawar da aka yi sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ce a ƙara. Kada ki ɗauka kullum daɗi ne. Ta fi ƙarfina, wallahi. Wata rana ta kifar da garin da na wuni ina daka, cikin rairayi, na ɗaɗa mata duka a cinya. Ta yi kuka, na yi kuka, maigida ya dawo ya tarar da mu rungume da juna ba tuwo, ya gasa mana wake ɗanye muka ci. A can na koya mata ta ce mini Inna. Ni na koya mata da bakina, ba wanda ya sa ni.

Ita ba ta san doka biyu ba ce, ta daji daban ta gari daban. Yaya za a yi ta sani? Da muka zo gida don Mauludi, ta hango ubanta zaune cikin maza a gindin bishiyar ƙofar gida, ta ruga da hannu biyu a sama. Ya kau da kai, ya ce wa wanda ke kusa a kai yarinyar nan cikin gida. Ta tsaya nan da hannuwanta a sama, tana dubansa, har aka zo aka ɗauke ta. Ta shigo ta same ni a bakin turmi ta ce Inna, ta sake cewa Inna. Mata suka yi ta dariya wai ga mai uwa. Na ce ta wuce wurin kakarta, ban ko dube ta ba. Ta je bayan rumbu ta zauna tana cin ƙasa.

A cikin kwanakin nan ne saƙonki ya iso. Wani farke daga ayarin maigidanki ya kawo ɗan zanen saƙin da kika aiko mata da dutsen wuya, tsakiya ja, da maganar cewa in mun shirya, Malam Alhassan zai taso farkon Jimada Lawwal in hanya ta bushe, tare da ƙanwarsa Fadi da za ta goyo ta. Ran nan matan gidaje uku ne a tsakar gidanmu ana surfen tuwon Mauludi. Inna Hajja ta warware zanen kowa ya gani, aka yaba. Sannan ta ce yarinyar ta yi zawon haƙori ta rame, hanya kuma da nisa, in uwarta na so sai a roƙi Kaltume ta ƙara haƙuri damina ɗaya, ba wanda zai ga laifin kowa. Ta juyo ta tambaye ni, ni da kaina, abin da ba ta taɓa yi ba. Yaya, tsohuwar nan ta gani. Ban san yadda aka yi ta gani ba, amma ta gani, ta buɗe mini ƙofa da hannunta. Abin da ya rage mini kawai in sunkuyar da kai in yi shiru, da ta ƙarasa sauran. Sai Amarya matar wan maigida ta ce ai kuwa gara a tambayi uwar, don masu kiwo sun ba da labari cewa a daji ba a sauke yarinyar nan ƙasa, har kiran sunanta ake yi tun daga tafki. Ba da mugunta ta faɗa ba, tsokana ce irin tata. Mata suka kwashe da dariya, wata har da tafa hannu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kin san ni da baki, ke kika sha cewa wata rana zai kai ni inda ƙafata ba ta so. Kafin in ankara na ji shi yana cewa ina ruwana da ita, ta ishe ni da ɓarna, in da yau za a tafi da ita da na huta.

Aka ce madalla, ɗiyar malam ke nan, tarbiyyar Kaltume ba ta faɗi ƙasa ba. Inna Hajja ta daɗe tana dubana. Ta ce to. Ta yafa mayafinta ta fita zaure ta gaya wa farken ya ce da Malam Alhassan ya zo bayan girbi. Duk wannan abin yarinyar na riƙe da gefen zanena, tana tsotsar tsakiyar da kika aiko.

Sai da muka koma gona korar tsuntsu na iya gaya wa maigida. Ashe ya riga ya ji. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in ni uwa na faɗi haka a gaban mata goma sha, shi uba ya je ya ce me? Ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya ce yana son ɗiyarsa ta fari? Ya ce sau biyu yana tashi da niyyar, ya kai har ƙofar ɗakinta, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambaye ta lafiyar awakinta, ya taso. Na ce to mu zauna nan dajin mana, kada mu koma. Ya ce in faɗa masa abin da za mu sha in tafki ya ƙafe. Daga nan ba mu sake tayar da maganar ba. Muka yi wata guda da 'yan kwanaki, yana gasa mata tumu yana murza mata a tafin hannu yana hurawa, ita tana kora tsuntsu da ihu daga kan wuyansa. Mutumin da ke girbe gona cikin kwana shida, bana ya yi goma sha ɗaya, har ya bar wani lungu tsaye wai bai gama bushewa ba. Na murza zangarniyar da hannuna, ta bushe ƙarau. Sai da Inna Hajja ta aiko ko lafiya, sannan muka kwance bukka. Yana zare zana ita tana zaune a ciki ta ƙi fita, tana cewa nata ne. A mangala ta yi barci har Guci.

Yau kwana takwas da yaye. An karɓo rubutu wurin liman ta sha cikin kunu, na shafa maɗaci a nono, ta kama ta saki ta dube ni, irin duban da ban fatan ki gani. Aka mayar da ita ɗakin kakarta. Zana ɗaya ce tsakaninmu, ina jin duk abin da take yi. Nono ya cika ya yi tauri, ko hannu ban iya ɗagawa sosai, mata na cewa in shafa kanwa in ɗaure da zane zai wuce. Kullum da safe sai ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakina, ba ta shigowa, ba ta kuka, ta daina ma cewa Inna. An ce kada in ɗauke ta, in ba haka ba yayen zai lalace. Sai in miƙa mata ɗan ƙuli ko dunƙulen fura in ce ta tafi. Ina son yarinyar nan, Yaya. Ina son ta har abin yana ba ni tsoro. Ga shi na rubuta, ban mutu ba.

Da na zaro takardar nan, niyyata in roƙe ki ki bar mini ita damina ɗaya tak, mu sake zuwa gonar sau ɗaya. Sai da na jiƙa tawada na zauna na ƙirga kwanaki. In maigidanki ya taso farkon wata yadda ya ce, yau yana tsakiyar hanya, nan da kwana goma yana ƙofar gidanmu. Kawu Sale kuwa sai gobe zai tashi. Wataƙila ma su yi kiciɓis a wani zango tsakanin nan da Kano, su gaisa, su ci goro tare, takardata na cikin jakar Kawu, kowa ya wuce. Ran da za ki karanta wannan, an riga an ɗaura ta a bayan Fadi. Kuma ko da tsuntsu ne zai kai miki ita yau, da wane ido zan dube ki? Ke da kika binne uku. Ke da na san tun Mauludi kin share ɗaki, kin sayi 'yar ƙwarya, kin gaya wa maƙwabta ɗiyarki na tafe. Baba ya yi magana, ya kwanta dama, ba mai komawa ya tambaye shi. Na yi tunanin in Malam Alhassan ya iso in faɗi a gabansa in roƙe shi. Amma mata za su taru, za a zuba mini ido, na kuwa san bakina, abin da ya faɗa ran Mauludi shi zai sake faɗa.

Na san halinki. Kina gama karantawa za ki share hawaye ki ce a mayar da ita. Kada ki yi. Tafiyar kwana ashirin sau biyu ba ta ƙaramin yaro ba ce, kuma in ta dawo, gari zai ce Kaltume ta raina kyautar ubanta, ko Furera ta yi amai ta lashe, mu duka biyu mu rasa inda za mu sa kanmu. Ban kuma son ki riƙa dubanta kina jin kamar kin ƙwace. Ba ki ƙwace ba, ni na bayar, a gaban shaidu, sau biyu. To me nake roƙo? Ban sani ba, Yaya. Na juya abin ta kowane gefe, ba inda ya ɓulle. Na dai kasa barin ta ta zo miki kamar kayan da mai shi ya gaji da shi.

Tunda haka ne, ga abin da ya kamata ki sani. Ba ta shan kunu da zafi ko kaɗan, sai kin juya shi a ƙwarya biyu, kuma in kika miƙa mata ludayi a baki za ta ture, ki ba ta ta riƙe da kanta ko da rabi zai zube. Madarar akuya ta saba da ita, ta shanu tana sa ta zawo. In kin ga ta yi shiru a wani lungu, ki je da sauri, ƙasa take ci ko wata ɓarnar. Ba ta barci sai ta riƙe kunnen mutum, ki bar mata naki, ba ta ja da ƙarfi. Layar da ke wuyanta rubutun Baba ne na ƙarshe, kada a cire ko wurin wanka. Tabon da ke gwiwarta ta hagu ba komai ba ne, kututturen gero ne. An ce gidajenku na birni katanga ce ta ko'ina, ita kuwa ba ta saba ba, ko nan in ta wuni a tsakar gida sai ta yi ta zagaye tana neman hanya. In da hali, wani ya riƙa fita da ita bayan gari ko da jefi jefi, ta ga fili, ta ga awaki. In ta ga namiji mai gemu za ta ɗaga masa hannu, ki roƙar mini Malam Alhassan ya ɗauke ta ko a gaban wa, shi ba kunyar da ta hana shi. Ke ma haka. Ki kira sunanta a tsakar gida da ƙarfi, ki goya ta zuwa biki, ki yi mata wasa a gaban kowa. Wannan kam ke za ki iya ba ta, ni ban iya ba.

Ki gaishe mini da Malam Alhassan in ya komo, da yi masa sannu da hanya tun yanzu. Ki gaida surukarki Kaka Tata, da Gimbiya maƙwabciyarki da ta aiko mini da shuni bara, ki ce ina nan ina amfani da shi. Inna Hajja tana gaishe ki, ta ce a gaya miki za ta haɗo yarinyar da kuka da kuɓewa busasshiya. Aisa da Amarya suna gaisuwa. Maigida yana gaisuwa, bai san na rubuta wannan ba. Kawu Sale zai ba ki tabarma ɗaya, saƙar hannuna ce da kabar da muka saro, ki yi haƙuri da bakinta, wata ce ta tauna.

Saura abu ɗaya. Ran da za su tashi, ba zan raka su ba, kin san ba a yi. Ina jin an kwance jakuna zan zuba gero a turmi in kama daka, mata su yabe ni. In Malam Alhassan ko Fadi suka ce miki uwar ko leƙowa ba ta yi ba, tana can tana dakanta, gaskiya suka faɗa, kada ki musa musu. Amma don Allah, don darajar Innarmu, kada ki bari a faɗi wannan a gaban yarinyar, ko yanzu ko in ta girma.

Allah ya kawo miki ita lafiya, ya raya miki ita, ya sada fuskokinmu da alheri. Wassalamu.

Ƙanwarki da kika goya,
Furera